Mun ba wani kamfani a Surulere littafin Baba su mayar da shi fim

Duk mai littafi a hannu, nasa ko na wani nasa, da ke tunanin kai shi wurin masu shirya fim na Legas, ga abin da muka gani a hannun wani ƙaramin kamfani da ke Surulere. Ba zan kama sunansu ba, don har yanzu akwai sauran aiki tsakaninmu. Mutane ne masu gaskiya a harkar kuɗi, sun san kyamara, sun san sauti. Amma littafin da ƙashin bayansa tunani ne da muhawara, sai mai shi ya tsaya a kansu tsayin daka, in ba haka ba za su miƙo masa wani labari daban mai ɗauke da sunan littafinsa.

Mahaifina malamin firamare ne da ya yi ritaya. Ya koyar a ƙasar Kano har ya tsufa, sai da ciwon ƙafa ya matsa masa muka ɗauko shi ya dawo wurinmu a Agege. Littafi ɗaya ya taɓa rubutawa, ya buga da kuɗin aljihunsa, kwafin da suka rage suna cikin akwati a ƙarƙashin gadonsa. Tsofaffin ɗalibansa ne suka ce a yi fim ɗinsa tun Malam yana da rai. Wasunsu yanzu suna da rumfunan albasa da tattasai a Mile 12, wasu a lokacin suna harkar raguna a Alaba Rago, kuma su suka haɗa mafi yawan kuɗin. Ni aka ɗora wa zirga-zirga, saboda ni ce ke karanta wa Baba takardu tun da idonsa ya yi rauni.

Sai na faɗi abin da littafin ya ƙunsa, don ba za a iya auna aikin kamfanin ba sai da shi. Labarin wani malamin makaranta ne ɗan jam'iyyar talakawa a zaɓen 1979, shekarar da PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka hau mulki suka soke haraji da jangali. Malamin nan ya taɓa kwana a gidan yari saboda zagin masu karɓar haraji. Sai aka naɗa shi shugaban riƙo na ƙaramar hukumarsu. Ya tarar da baitulmali wayam, asibitin garin ba magani, rijiyoyi sun rufta. Ya ƙirƙiro kuɗin rumfa a kasuwa, daga nan kuɗin raya ƙasa, daga nan kuɗin awon hatsi, kuma masu unguwannin da ya zaga jiya su ya tura karɓa, don su suka san ƙofar kowa. Bai ci ko kwabo ba. Asibitin ya tashi, rijiyoyin sun kawo ruwa. Amma kafin littafin ya ƙare, mutanen garin sauya hanya suke yi idan suka hango motarsa. Kusan sulusin littafin hirar dare ce tsakaninsa da wani tsohon alƙali da ya makance, suna ja a kan tambaya guda: wanda ya ƙwaci na talaka ya yi wa talaka aiki da shi, azzalumi ne ko kuwa? Baba bai yanke hukunci ba. Ya bar kowannensu ya kawo hujjarsa da cikakken ƙarfinta.

A maganar kuɗi da takarda ba ni da ƙorafi mai yawa. Sun raba biyan gida uku: kafin alƙalami, sai bayan mun amince da rubutun fim, sai ranar miƙa aiki. Kowane kashi da rasidinsa da jerin abin da aka saya. Takardar yarjejeniyar da suka fara kawowa kam ta yi faɗi, don ta ba su ikon yin fim da shiri mai dogon zango da fassara har abada, alhali mu ne ke biyansu. Wani ƙanin mijina lauya ya duba, ya tuna mana cewa a Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ikon mayar da littafi fim na marubuci ne, ba ya fita hannunsa sai a rubuce, kuma kariyar littafi tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Ya gyara ta zama fim ɗaya tak, mallakinmu, su masu aiki ne, kuma ba za a fara ɗauka ba sai marubuci ya sa hannu a rubutun ƙarshe. Ba su yi gardama ba ko kaɗan. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ya ceci littafin, kada kowa ya shiga irin wannan harka ba tare da shi ba.

Rubutun farko da marubucin fim ɗinsu ya kawo ya kusa raba mu. Saurayi ne Bayarabe, mai ladabi, ya karanta littafin ne ta fassarar Turanci da mataimakin darakta, wani ɗan Jos, ya yi masa. A rubutun nasa malamin ya zama ɓarawo. An ƙaro masa amarya mai son gwal, an ƙaro ɗan kwangila mai kawo jakar kuɗi da dare, alƙalin kuwa ya koma tsoho mai jefa karin magana sau biyu ya ɓace. Ƙarshen fim sojoji sun zo sun tasa ƙeyarsa. Ina karanta wa Baba yana sauraro, da na kai wurin jakar kuɗin sai ya ɗaga hannu ya ce, “Uwata, tsaya nan. In da ɓarawo nake son rubutawa ai da ban ɓata dare ba, jarida ta ishi kowa.” An yi wa littafin irin tankaɗen da ake zubar da gari a riƙe tsaki.

Abin da ya ɗaga darajarsu a idona shi ne ba su turo saƙo ta waya ba, ɗaukar ƙafa suka yi su uku har Agege, suka zauna a tabarma gaban Baba. Kuma saurayin nan bai zo ba da haƙuri kawai ba, ya zo da hujja. Ya ce, “Baba, kyamara ba ta ganin abin da ke cikin zuciya. Littafinka shafi 240 ne, rubutun fim shafi ɗaya yana cin kusan minti ɗaya a allo, ba za mu wuce shafi 110 ba. Idan na zaunar da mutum biyu a soro suna magana minti 35, mai kallo zai ɗauki wayarsa.” Gaskiya ya faɗa. Mai karatu yana iya ajiye littafi ya yi tunani, ya koma baya ya sake bin hujjar alƙali, mai kallo kuwa hoto ba ya jiransa. Inda ya kuskure shi ne maganin da ya nemo. Da ya ga tunani ba zai ɗauku ba sai ya cike gurbinsa da sata da kishiya, kayan da ya san suna tafiya a kasuwa. Baba ya ce masa, “Yaro, nemo mini abin da mutumin nan zai aikata da hannunsa wanda zai nuna abin da yake tunani. Kada ka ara masa laifin wani.”

Rubutu na biyu da ya dawo da shi wani abu ne daban, kuma a nan ne na ga ƙwarewar da muka biya kuɗi dominta. Ya buɗe fim ɗin da malamin a aji, yana koya wa yara lissafi a allo da misalin haraji: manomi ya samu dami kaza, mai unguwa ya karɓi kaza, dagaci kaza, nawa ya rage masa? Yara suka amsa baki ɗaya, shi kuma ya ja layi biyu ƙarƙashin amsar har allin ya karye. Can tsakiyar fim, yana ofis da dare da fitilar ƙwai, yana lissafin kuɗin rumfa nawa zai ishi rufin asibiti, sai hannunsa ya ja layi biyun nan ƙarƙashin jimla, ya tsaya yana kallonsu. Wannan babu shi a littafin, saurayin ne ya ƙirƙira, amma ya ɗauke nauyin babi guda cur ba tare da an furta kalma ba. Haka wata mai sayar da daddawa da Baba ya ambata a layi uku kacal, shi ya ja ta ta ratsa fim ɗin gaba ɗaya. Ita ce ta fara rangaɗa guɗa ranar da aka naɗa shi, ita aka ƙwace wa faranti a kasuwa don ba ta da rasidi, kuma a asibitin da kuɗinta ya gina jikanta ya warke daga ƙyanda. Ranar sallamar yaron suka haɗu da malamin a ƙofa, ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ake gaida hakimi, ba ta ɗago ta dube shi ba. Duk wanda ya ga wurin nan ya gane tambayar littafin ko bai taɓa riƙe shi ba.

An daɗe ana ja a kan muryar mai ba da labari. Baba yana son a ji muryar malamin daga bayan hoto tana faɗin tunaninsa. Hujjarsa Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka fara mayarwa wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, aka nuna shi nan Legas lokacin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a 1977. A can Shaihu ne ke zaune da almajiransa yana ba su tarihin rayuwarsa. Daraktan ya san fim ɗin, har ya ba mu labarin yadda aka gyara tsohon kwafinsa a Jamus aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Amma ya ce Shaihu mutum ne da ya riga ya kai gaci yana waiwaye, malamin Baba kuwa yana cikin ruɗu ne, idan aka ba shi murya mai bayani zai zama kamar ya san abin da ke faruwa da shi, alhali rashin saninsa shi ne labarin. Ni a nan bayan darakta nake. Aka tsaya a kan za a ji muryarsa ne kawai idan yana rubuta wa ƙaninsa wasiƙa, kuma abin da yake rubutawa yakan saɓa da abin da ido ke gani. Ya yi kyau ƙwarai.

Babban rauninsu Hausa ce, kuma wannan ya kamata duk Bahaushe ya sani kafin ya biya. Da Turanci suke rubuta zance sannan a juya shi, sai ka ji magana ta tsaya ƙiƙam a bakin ɗan wasa. Masinja yana shiga ofishin shugaba ba sallama, ba “ranka ya daɗe”, matar malamin tana kiran mijinta da sunansa gatsal a gaban baƙi, alƙali ana ce masa “Malam” kawai babu “Allah gafarta”. Ɗan Jos ɗin yana ƙoƙari, amma Hausarsa ta gari ce ta yau, ba ta ƙauyen Kano ta wancan zamani ba. Ni da Baba muka bi zancen fim ɗin layi-layi muka sake shi, aikin da ba ya cikin abin da muka zata za mu yi, kuma ba a rage mana ko sisi a kansa ba. Manyan 'yan wasa daga Kano da Jos aka ɗauko su, ba matsala. 'Yan cike fage kuwa samarin Agege da Idi-Araba ne, haifaffun Legas, harshensu ya ɗan karkata, sai da aka sake naɗar muryoyin wasu a situdiyo. Mai kula da sutura ma dogayen hijabai ta kawo wa matan kasuwa. Innarmu ce ta ce mata a ƙauyensu a shekarun nan zane ne da kallabi da mayafi, ta buɗe adakarta ta ba da aron tsofaffin atamfofinta.

A wajen ɗauka kuwa sai yabo. Cikin ɗakuna da soro da ofis duk a wani sito a Ikorodu suka gina su, da jar ƙasa da azara, har Baba ya shafa bango ya ce ya ji ƙamshin gida. Sun samo Peugeot 504 mai tafiya, keken Raleigh, rediyo mai batir, da tsofaffin takardun naira har da naira 20 mai hoton Murtala da ta fito a 1977. Kasuwa da gona da bakin rijiya sun ce ba za su yi ƙarya da hasken Legas ba, don damshin nan ba ya ba da irin farin sararin Arewa, sai suka ɗauki ƙaramar tawaga zuwa wani ƙauye kusa da Zariya da rani. Wasu sassan fim ɗin da aka ɗauka a wani tsohon gida a Agege su suka fi wahalar da mai sauti. Jiragen da ke tashi daga filin Murtala Muhammed a Ikeja ta kanmu suke bi, jirgin ƙasan Ibadan ya ratsa da ƙararsa, ga janaretan maƙwabta. Mutumin nan ya fi kowa haƙuri, yakan tsayar da kowa cak har ƙarar ta wuce, kuma a fim ɗin ba za ka ji ɗigon Legas ba. Suna tsayawa lokacin salla ba sai an roƙa ba, abincin tawaga kuma daga wurin wata mai tuwo a Agege suka riƙa saye da muka nuna musu ita.

Lokaci kam sun saɓa. An yi da su kafin azumi, ba mu ga aiki ba sai bayan babbar salla da daɗewa. Wani ɓangare ba laifinsu ba ne, don muna tsakiyar ɗauka aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 a Legas, kuma fitilun fim da janareta suke aiki. Sun nemi ƙari, sun nuna lissafi, muka biya. Amma jinkirin tacewa nasu ne. Editansu ɗaya ne, yana haɗa aikinmu da tallace-tallacen kamfanoni da bidiyon biki, kuma idan na kira sai a ce mini gobe.

Sun ba da shawarar a cire sunayen jam'iyyu da tutocinsu, saboda Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, sai ta duba fim kafin ya fita, in kuma za a kai shi Kano akwai hukumar tacewa ta jiha da ke aiki tun 2001. Sun kawo misalin fim ɗin Half of a Yellow Sun na Biyi Bandele, da aka shirya fitarwa a Najeriya a Afrilun 2014 amma bai samu shiga sinima ba sai Agusta. Muka yarda. Babu makulli, babu gida da masara, wato alamomin jam'iyyun wancan zamani, a ko'ina, amma duk wanda ya haura shekara 55 zai gane su wa ake nufi daga hula da take. Ƙarshen ma sun bar shi yadda Baba ya rubuta: safiyar 31 ga Disamba, 1983, rediyo na kiɗan soja, kasuwa ta ɓarke da murna, malamin yana tsaye a barandar asibitin ba wanda ya zo kama shi, ba kuma wanda ya zo gaishe shi.

Abin da har yau ban yafe ba ya faru ne a ɗakin tacewar editansu, inda sa hannun Baba bai kai ba. Hirarrakin alƙali an taƙaita su zuwa fitowa huɗu a rubutu, duk an ɗauke su, amma a fim ɗin da aka miƙo uku ne. Wadda aka cire ita ce inda alƙalin, wanda tun farko shi ke tuhumar malamin, ya juya ya kare shi. Ya ce shi ya yi shekaru a kan buzu yana shari'a hannunsa tsaf, bai taɓa karɓar na kowa ba, kuma bai taɓa haƙa wa kowa rijiya ba, matan garin na mutuwa wurin haihuwa yana nan da tsabtarsa. Ya tambayi malamin, ya kuma tambayi kansa, wanne daga cikinsu zai fi sauƙin hisabi. Edita ya ce wurin yana jan fim, minti 6 ne na mutum biyu a duhu. Amma da aka cire shi sai ma'auni ya karkata gefe guda. Fim ɗin ya zama labarin mutumin kirki da mulki ya lalata, abin da kowa ya riga ya yarda da shi tun kafin ya zauna kallo. Littafin ya fi haka nauyi, yana sa mai karatu ya ji cewa da shi ne a kujerar nan wataƙila haka zai yi, kuma ya kasa cewa kuskure ne kai tsaye. Da muka nuna wa tsofaffin ɗaliban a gida, wani dattijo mai rumfa a Mile 12 da ya haddace littafin ya juyo ya ce, “Malam, ina maganar alƙali ta hisabi?” Baba bai amsa ba, ni ya kalla.

Don haka mai irin wannan littafi ya sa a yarjejeniya cewa yardarsa ta haɗa da tacewar ƙarshe, ba rubutu kaɗai ba, ya kuma nemi a ba shi ɗanyen hoton da aka ɗauka gaba ɗaya a ma'ajiyar kwamfuta. Wannan na biyun muna da shi, sun miƙa mana ba tare da ja ba, fitowar alƙalin tana ciki lafiya lau, kuma ɗan wasan da ya hau matsayin bai yi abin da ya kai ta kyau ba a duk fim ɗin. Daraktan ya amince a mayar da ita, amma ya ce sai an biya kuɗin edita da na daidaita sauti da launi daga wurin zuwa ƙarshe, don kiɗan da ke biye zai goce. Na ga rashin adalci a nan, tunda abin da Baba ya sa wa hannu fitowa huɗu ne, kuma na faɗa musu haka. Sun sauko zuwa rabi. 'Yan Alaba Rago sun ce za su cika, Baba kuma ya ce ba za a kai fim ɗin hukumar tacewa ba, ba za a kama zauren nunawa a Agege ba, sai alƙali ya dawo da maganarsa.